Tambayoyi da Amsoshi Kan Nazarin Hotunan Gobe a Tsara Manufofin Ci Gaba Mai Ɗorewa

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton wata hukuma kan sauyin yanayi, ko makamashi, ko yawan jama'a, ya ga layuka uku ko biyar da suka taso daga wuri ɗaya suka rarrabu suna nufar 2050 ko 2100. Yawancin masu karatu kan kama layin tsakiya su ce shi ne gaskiya, sauran kuwa ado ne. Wannan karatun yana damuna, domin a kansa ake gina manufofin da ke cinye dukiyar jama'a. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi game da wannan hanyar nazari, na amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Me ake nufi da nazarin hotunan gobe?

Hanya ce ta gwada manufa tun kafin a kashe mata kuɗi. Maimakon a ce ga abin da zai faru nan da shekara talatin, sai a zana gobe iri uku ko huɗu, kowace da labarinta wanda hankali zai ɗauka, sannan a ɗauko manufar da ake shirin zartarwa a jefa ta cikin kowace a ga yadda za ta kaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna shi masana ke kira sinariyo. A Hausance aikin bai wuce "mu ƙaddara" ba. Mu ƙaddara ruwan sama ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar, mu ƙaddara jama'ar birane ta ninka, mu ƙaddara farashin mai ya faɗi warwas: madatsar ruwan da ake son ginawa za ta biya buƙata, ko za ta zama asara?

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa a kansa, wato sassan hoton su yarda da juna. Ba za ka zana duniyar da ƙasashe suka rufe iyakoki ciniki ya tsaya ba, sannan ka ce a cikinta sabuwar fasaha na yaɗuwa ko'ina cikin sauƙi. Hoton da ke ƙaryata kansa ba ya gwada komai.

Mene ne bambancinsa da hasashe?

Mai hasashe yana ba ka amsa ɗaya, wadda yake ganin ta fi kusa da faruwa. Wannan yana da amfani idan tazarar gajera ce kuma abubuwan da ke juya al'amarin ba su cika canzawa ba, kamar ruwan jibi ko kuɗin shigar gwamnati na watanni uku masu zuwa. Da zarar tazara ta kai shekara ashirin ko hamsin, amsa ɗaya ta zama tarko.

Ga misalin da nake yawan komawa gare shi. A 1922 jihohi bakwai na yammacin Amurka suka raba ruwan Kogin Kolorado a tsakaninsu. Alƙaluman da suka dogara da su na wasu shekaru ne da ruwa ya yi yawa fiye da yadda aka saba. Daga baya, da masana suka bi zoben cikin kututturan tsofaffin itatuwa suka gano tarihin ruwan yankin na ɗaruruwan shekaru, sai ta bayyana cewa an raba a takarda ruwan da kogin ba shi da shi. A kan wannan rabon aka gina birane da gonaki, yau mutane kimanin miliyan 40 ke dogaro da kogin, kuma a 2022 Tafkin Mead, babban ma'ajin ruwan da aka tare a kan kogin, ya sauka matakin da bai taɓa sauka ba tun da aka cika shi a shekarun 1930. Mutanen 1922 ba su yi ƙarya ba. Sun ɗauki gobe ɗaya ne kawai, ba su tsara rabon bisa tambayar "idan shekarun fari suka jeru fa?" ba.

Wannan ba wani nau'in duba ba ne, ko iƙirarin sanin gaibu?

A'a, akasin haka ne. Mai duba yana cewa ya san gobe. Mai wannan nazari yana farawa ne daga amincewa cewa bai sani ba, don haka yake shirya wa fiye da hanya ɗaya. Duk rahoton da ya ce maka hoto kaza shi ne zai faru, ya fita daga wannan fanni.

Daga ina hanyar ta samo asali?

Daga fagen soja ta fito. A shekarun 1950 Herman Kahn, yana aiki a cibiyar bincike ta RAND a Amurka, ya riƙa rubuta labaran yadda yaƙin nukiliya zai iya farawa da yadda zai iya ƙarewa, don shugabanni su yi tunani a kan abin da ba sa son tunawa.

Sai ta shiga kasuwanci ta hannun kamfanin mai na Shell. A farkon shekarun 1970 wani Bafaranshe mai suna Pierre Wack da tawagarsa suka gabatar wa manyan kamfanin hoton duniyar da ƙasashe masu arzikin mai suka karɓe ikon farashi, mai ya yi tsada ba zato. A lokacin kusan kowa a harkar yana lissafi ne da mai mai araha. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa suka sa takunkumin mai, cikin 'yan watanni ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Abin lura a labarin Wack shi ne hotunansa na farko ba su motsa kowa ba. Manajoji sun karanta, sun yaba, sun ci gaba da abin da suka saba. Daga nan ya gane cewa aikinsa shi ne sauya yadda masu yanke shawara ke kallon duniya a cikin kawunansu, kuma wannan ya fi zana hoton wuya nesa ba kusa ba.

A ɓangaren muhalli kuwa, 1972 ce shekarar da ake tunawa. Wata tawaga a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu da Donella Meadows da Dennis Meadows da Jørgen Randers, ta yi wa ƙungiyar Kulob ɗin Roma lissafin kwamfuta da ya haɗa yawan jama'a, abinci, masana'antu, gurɓata muhalli da ma'adinan da ke ƙarewa. Hotuna 12 suka fitar. Wasu sun ƙare da durƙushewa, wasu da daidaito. Jama'a suka kama na durƙushewa suka mai da shi annabci, masu suka kuma suka shafe shekaru suna yaƙar annabcin da ba a yi ba.

Me ya sa ci gaba mai ɗorewa ya fi buƙatar wannan nazari?

Saboda ma'anarsa kanta ta ƙunshi mutanen da ba a haifa ba. Rahoton 1987 na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta jagoranta ya fassara shi da biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye wa na baya ikon biyan nasu ba. To yaya za ka auna abin da ka tauye wa jikanka in ba ka zana duniyar da zai tarar ba? Tashar lantarki mai aiki da kwal da aka gina bana za ta iya kai shekara 40 tana aiki. Madatsar ruwa, layin dogo, tsarin titunan birni, duk sun fi wanda ya sa hannu a takardarsu tsawon rai.

Dalili na biyu shi ne muradun suna taka ƙafar juna. A 2015 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 masu ƙananan burika 169, da wa'adin 2030. Kawar da yunwa na son ƙarin gonaki da ruwan ban ruwa, kare dazuzzuka da koguna na son a rage su. Samar da lantarki ga kowa na son ƙarin makamashi, rage ɗumamar duniya na son a rage hayaƙi. Ma'aikatar da ta dubi nata muradin kaɗai za ta iya cin nasara a takarda ta jawo ɓarna a wani gefen.

Tafkin Aral da ke tsakiyar Asiya shaida ne. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga. Auduga ta samu. Tafkin da a da shi ne na huɗu a girma a duniya ya ƙafe har ya rage 'yan guntaye, sana'ar kamun kifi ta mutu, iska ta riƙa kwasar gishiri da ragowar magungunan feshi daga busasshen gindin tafkin tana watsa wa mutane. Haka kuma a 2007 da 2008, lokacin da abinci ya yi tsada a duniya, ɗaya daga cikin dalilan da masana suka lissafa shi ne karkatar da masara da sauran amfanin gona zuwa man mota, manufar da aka ƙirƙira da sunan kare muhalli. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Nazarin hotunan gobe da aka yi da gaskiya yana tilasta wa mai noma da mai ruwa da mai makamashi da mai baitulmali su zauna kan lissafi ɗaya.

A aikace, yaya ake yinsa?

Ana farawa da shawarar da za a yanke. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ya sa rahotanni da yawa ke ƙarewa a kan kanta. "Makomar ruwa a ƙasa" ba tambaya ba ce. "Mu gina babbar madatsa ɗaya, ko ƙanana goma tare da gyaran bututun da ke yoyo?" ita ce tambaya.

Daga nan sai a jero abubuwan da za su juya sakamakon, a raba su gida biyu. Akwai waɗanda kusan an riga an san su: yaran da za su nemi aiki nan da shekara 15 an riga an haife su, ana iya ƙirga su. Akwai kuma waɗanda ke da nauyi ƙwarai amma ba wanda ya san inda za su faɗa, kamar farashin makamashi, zaman lafiya tsakanin ƙasashe, saurin sabuwar fasaha, ko yawan haihuwa. Na biyun nan su ne ƙashin bayan hotunan. Dubi yadda abu kaɗan ke buɗe tazara: lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsakiya ya nuna jama'ar duniya, da ta kai biliyan 8 a 2022, za ta tsaya a wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080. Amma in matsakaicin haihuwa ya ɗara abin da aka zata da 0.5 ga kowace mace, a 2100 za a haura biliyan 14, in kuma ya gaza da 0.5, za a dawo wajen biliyan 7. Makarantu nawa, asibitoci nawa, hatsi nawa ke tsakanin waɗannan lambobi biyu?

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki manyan abubuwan shakka biyu a gicciya su, sai kusurwa huɗu su fito, kowace a rubuta mata labari a sa mata suna mai saurin kamawa. Bayan labari sai lambobi, domin labarin da ba a auna ba yana iya yin alƙawarin ruwan da babu shi ko ƙasar noman da ta fi faɗin ƙasar. Akwai manhajoji da aka yi don wannan, kamar LEAP na lissafin makamashi da WEAP na lissafin ruwa, waɗanda Cibiyar Muhalli ta Stockholm ke kula da su kuma hukumomi a ƙasashe da dama ke amfani da su. Daga ƙarshe a gwada kowace manufa a kowane hoto.

Hotuna nawa ya kamata a zana?

Biyu sun yi kaɗan, mutane za su kira ɗaya na alheri ɗaya na sharri. Uku na da haɗari, domin kowa zai ruga na tsakiya. Ni na fi son huɗu. In sun wuce biyar ko shida, mai yanke shawara ba zai riƙe su a kansa ba.

Ina yawan ganin SSP1-2.6 ko SSP5-8.5 a rahotannin sauyin yanayi. Me suke nufi?

Waɗannan su ne hotunan da IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda aka kafa a 1988, ya yi amfani da su a rahotonsa na 2021. Sunan kashi biyu ne. Kashin farko labarin duniya ne, kuma labaran biyar ne. SSP1 duniya ce da ta karkata ga ɗorewa, ilimi da lafiya sun yaɗu, jama'a ta dawo wajen biliyan 7 a 2100. SSP2 ita ce tafiya a kan yadda aka saba. SSP3 duniyar gaba ce tsakanin yankuna, kowa ya ja nasa, talauci ya daɗe, jama'a ta haura biliyan 12. SSP4 duniyar rashin daidaito ce, 'yan tsiraru a sama, mafi yawa a ƙasa. SSP5 kuwa arziki ne mai gudu wanda kwal da mai da gas ke turawa.

Lambar ƙarshe tana nuna yawan ƙarin zafin da iskar da muka tara a sama za ta riƙe a 2100, ana auna shi da wat a kan kowace murabba'in mita. In lambar ta yi sama, ɗumama ta yi sama. Ƙiyasin kwamitin na tsakiya na ƙarshen ƙarnin nan, in an kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900, shi ne digiri 1.4 a SSP1-1.9, digiri 1.8 a SSP1-2.6, digiri 2.7 a SSP2-4.5, digiri 3.6 a SSP3-7.0, da digiri 4.4 a SSP5-8.5.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne ya raba tambaya biyu da a da ake cakuɗawa: yaya zafi zai kai, kuma wace irin al'umma zafin zai tarar? Digiri 2.7 a duniyar da ke da asibitoci da inshorar amfanin gona da hukumomi masu aiki daban yake da digiri 2.7 a duniyar da kowa ke ta kansa. Ga mai tsara manufar ci gaba, rabin farko na sunan ya fi kusa da aikinsa, domin a nan makaranta da asibiti da adalcin rabo suke.

Akwai wanda ake farawa daga ƙarshe a dawo baya. Shi kuma fa?

Akwai, kuma a shekarun 1970 da 1980 masana makamashi irin su Amory Lovins da John Robinson suka shimfiɗa shi. A nan ba a tambayar ina za mu faɗa. Ana kafa inda ake son isa, sannan a yi lissafi da baya: in a 2050 muke son kaza, me ya wajaba a gama a 2040, me a 2030, me a kasafin baɗi?

Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta kafa burin riƙe ɗumama ƙasa sosai da digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayawa a 1.5. Da IPCC ya yi lissafin baya a 2018, sai ya fito da cewa tsayawa a 1.5 na buƙatar hayaƙin kabon ya ragu da kusan kashi 45 cikin 100 daga matakin 2010 kafin 2030, kuma wajen 2050 abin da ake fitarwa ya yi daidai da abin da ake janyewa. A 2021 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta yi nata lissafin ta ce a wannan hanya ba a buƙatar buɗe sababbin rijiyoyin mai da gas bayan waɗanda aka riga aka amince da su. Amfanin wannan salo shi ne yana tona alƙawarin baki. Shugaban da ya yi alƙawarin 2060 ba zai kasance a kujera ranar ba, amma lissafin baya zai nuna abin da ke kansa a bana.

To an zana hotuna, an gwada. Yaya ake zaɓar manufa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi hoton da aka fi so a gina manufa dominsa. Abin da ake nema shi ne manufar da ba ta rushewa ko wane hoto ya tabbata, ko da ba ita ce ta ɗaya a kowanne ba. Wasu matakan suna da riba a dukkan hotuna: toshe yoyon bututun ruwa, rage asarar lantarki a layi, ilimin 'ya'ya mata, tsarin gargaɗin ambaliya. Waɗannan ba a jira da su. Wasu kuma masu tsada ne kuma ba a warware su in an yi, su ne ake jinkirtawa, amma jinkiri mai shiri.

Birnin Landan ya nuna yadda ake wannan. Shingen Kogin Thames, wanda ya fara aiki a 1982, shi ke kare birnin daga tunkuɗowar teku. Da aka zo tsara kariya har zuwa 2100, hukumar muhalli ta Ingila ba ta tsaya jayayya kan mita nawa teku zai hau ba. Ta zana hanyoyi da dama, har da na hawan da ya wuce mita biyu, ta nuna a kowace hanya matakin da zai isa da matakin ruwan da zai sa ya daina isa. Aka fara da ɗaga katangu da gyaran abin da ke akwai, aka keɓe filayen da sabon shinge zai iya buƙata, aka kuma sa alamomin da ake aunawa a kai a kai. In teku ya hau da sauri, a matso da babban aikin kusa. In ya hau a hankali, kuɗin ya huta. Da yake irin wannan gini na cin shekaru masu yawa, an sa ranar yanke shawara tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dole sai da manyan kwamfutoci da ƙwararru daga waje?

A'a. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi tasiri an yi shi ne da mutane 22 a wani wurin taro mai suna Mont Fleur kusa da Cape Town, a 1991 da 1992, lokacin da Afirka ta Kudu ke tsakanin sakin Nelson Mandela da zaɓen 1994. An haɗa 'yan gwagwarmaya da 'yan kasuwa da malaman jami'a da 'yan ƙwadago, Adam Kahane na Shell ya jagoranci tattaunawar. Hotuna huɗu suka fitar. Jimina: gwamnatin farar fata ta cusa kai a yashi ta ƙi sulhu. Gurguwar Agwagwa: an yi sulhu amma an ja miƙa mulki, gwamnati ta fito ba ƙarfi. Ikarus (yaron tatsuniyar Girka da ya tashi kusa da rana ya faɗo): sabuwar gwamnati ta buɗe baitulmali don biyan buƙatun kowa a lokaci ɗaya, ta tashi sama da sauri ta faɗo. Tashin Tsuntsayen Filamingo: an tashi a hankali amma tare.

Hoton Ikarus ya yi wa masu shirin karɓar mulki ɗaci, domin su yake gargaɗi. Cikin mahalartan akwai Trevor Manuel, wanda ya zama ministan kuɗi a 1996, da Tito Mboweni, wanda ya zama gwamnan babban banki a 1999. Ƙarfin aikin ya fito ne daga cewa mutanen da ba sa ga maciji da juna sun iya yarda a kan abin da ka iya faruwa, alhali ba su yarda a kan abin da ya kamata ya faru ba.

Ana iya ɓoye son rai a cikin waɗannan lissafai?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ce tambayar da nake so kowane ɗan jarida da ɗan majalisa ya riƙe. Son rai ba ya zama a sakamako, a zace-zacen farko yake kwanciya, inda ba kowa ke leƙawa ba.

Na farko, darajar da aka ba gobe. Masana tattalin arziki kan rage darajar asara ko riba gwargwadon nisanta. Rahoton Nicholas Stern na 2006 ya yi amfani da ragi na kusan kashi 1.4 cikin 100 a shekara, William Nordhaus kuma ya fi karkata ga sama da kashi 4. A ragin farko, asarar dala 100 da za ta auku nan da shekara 100 tana daidai da kusan dala 25 a yau. A kashi 4, ba ta wuce dala 2 ba. Ɗaya ya ce a tashi tsaye yanzu, ɗaya ya ce a bi a hankali, kuma bambancin ya taso ne daga nawa ran jikan jikanka yake a ma'auni. Wannan hukuncin ɗabi'a ne da aka sa wa rigar lissafi.

Na biyu, fasahar da ba ta kankama ba. Hotuna da yawa da ke kai wa ga digiri 1.5 ko 2 sun dogara ne da cewa a rabi na biyu na wannan ƙarni za a riƙa janye biliyoyin tan na kabon daga iska, misali ta noma tsirrai a ƙona su a samar da lantarki a binne hayaƙin a ƙarƙashin ƙasa. Filin da wannan zai ci yana da faɗi ƙwarai, kuma a gonar wani zai faɗa. Zato irin wannan yana sauƙaƙa wa masu fitar da hayaƙi na yau, ya ɗora bashin a kan na gobe.

Na uku, su wa suka gina lissafin. Manyan tsare-tsaren da ake fitar da hotunan duniya da su, irin su IMAGE a Holan, MESSAGE a Austiriya, REMIND a Jamus, GCAM a Amurka da AIM a Japan, kusan duka a ƙasashe masu arziki suke. Masu bincike sun nuna cewa da yawa daga hotunan suna barin tazara mai faɗi tsakanin makamashin da mutumin ƙasa mai arziki ke sha da na ƙasa matalauciya har tsakiyar ƙarni da bayansa. A lokacin da kimanin mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, hoton da ya ceci yanayi ta hanyar barin talaka a duhu bai cancanci sunan ci gaba mai ɗorewa ba.

Sun taɓa yin kuskure babba?

Sun yi. Shekara da shekaru hotunan IEA na nuna lantarkin hasken rana zai ƙaru a hankali, kowace shekara kasuwa na wuce su, domin farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun 2010. Hukumar kan ce hotunanta na nuna abin da manufofin da ke ƙasa za su haifar ne kawai, kuma da gaskiyarta, amma gwamnatoci da bankuna sun karanta su a matsayin hasashe sun zuba jari a kansu.

Ta ɗaya gefen kuma, hoton 8.5, wanda aka zana a matsayin na can ƙarshe mai ƙona kwal ba ƙaƙƙautawa, an daɗe ana kiransa "abin da zai faru in ba a yi komai ba". A 2020 masana irin su Zeke Hausfather da Glen Peters suka ja hankali cewa wannan laƙabin ba daidai ba ne. Har yanzu hoton na da amfani wurin gwada abin da ba a so ya rushe ko ta halin ƙaƙa, kamar katangar teku. Akwai kuma rauni na gama-gari: layukan kan tafi sumul, alhali tarihi tuntuɓe yake yi. Annobar 2020 ta rage hayaƙin kabon na duniya da kusan kashi 5 cikin 100 a shekara ɗaya, ta kuma ƙara yawan masu matsanancin talauci karon farko cikin shekaru fiye da 20. Saboda haka yana da kyau a sa girgiza ɗaya ko biyu da gangan a cikin gwajin, annoba ko yaƙi ko fari na shekara uku a jere.

Yaya za a hana aikin ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura?

Wasu ƙasashe sun ba shi gida na dindindin. Majalisar dokokin Finlan na da kwamitin makoma tun 1993. Singafo ta daɗe da ofishin irin wannan nazari a tsakiyar gwamnati. Yankin Wales na Birtaniya ya yi doka a 2015 da ta wajabta wa hukumomi duba maslahar masu zuwa, har da kwamishina mai bin diddigi. Manyan bankunan ƙasashe ma sun kafa ƙungiyar NGFS mai duba haɗarin sauyin yanayi ga harkar kuɗi a 2017, wadda ke fitar da hotunan da ake gwada bankuna da su.

Ofishi kaɗai ba ya isa. Idan aka miƙo maka rahoto, nemi shafin da ya faɗi shawarar da aka sauya saboda shi: aikin da aka fasa, ko aka rage, ko aka matso da shi kusa. Duba ko akwai hoto aƙalla ɗaya da bai yi wa wanda ya biya kuɗin aikin daɗi ba. Duba ko an rubuta zace-zacen a fili yadda wani zai iya canza lamba ɗaya ya sake lissafin, kuma ko manoma da masunta da mazauna bakin ruwan da abin zai shafa sun zauna a teburin tun ana zana hotunan. Sannan kowace alama da aka ce za a sa wa ido tana buƙatar abu uku a rubuce: ofishin da zai auna ta, matakin da in ta kai za a motsa, da layin kasafin da kuɗin motsin zai fito.